Jam'iyya ta uku a fom ɗin rajistar zaɓena

A cikin tambayoyi 100 da a 2022 ake ba mai neman zama ɗan ƙasa a Amurka ya haddace, akwai wadda ke cewa a faɗi manyan jam'iyyun siyasa biyu na ƙasar. Democrat da Republican, ko yaro ya sani. Da wannan ɗan guzurin na shiga zauren rantsuwa a Manhattan cikin watan Yuli na 2022. Aka karɓe mana girin kad ɗinmu, wato katin izinin zama na dindindin, muka ɗaga hannun dama muka maimaita abin da aka karanto, aka miƙa wa kowa takardar shaidarsa tare da gargaɗin kada a kuskura a kai ta a liƙe da leda. Cikin takardun da aka haɗo mana har da fom ɗin rajistar zaɓe na jihar New York. Wasu a tsaye suka cike nasu suka miƙa wa masu aikin sa-kai da ke jira a waje. Ni na naɗe nawa na sa a aljihu, don ba na son sa hannu a takardar gwamnati ana tura ni ta baya.

Da daddare na baje shi a kan tebur a gidana a Bronx. Tambayar farko, kai ɗan ƙasa ne? Ta biyu a kan shekara 18. Sai suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar lasin tuƙi ko kuma lambobi huɗu na ƙarshen lambar soshiyal, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa. An kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda ya yi ƙarya yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin da ya kai shekara huɗu. Duk wannan nan da nan na wuce shi. Inda biro ya tsaya shi ne wurin jam'iyya. Sunaye huɗu ne a jere: Democratic, Republican, Conservative, Working Families. Ƙarƙashinsu gurbin mai son wata daban, sai gurbin wanda ba ya son shiga kowace.

A gida Najeriya katin zaɓe daban, katin jam'iyya daban, INEC ba ruwanta da ɗan wace jam'iyya ne kai. A nan hukumar zaɓe da kanta ke riƙe da rajistar 'ya'yan jam'iyyu, kuma akwatin da ka yi wa alama shi zai yanke ko za ka yi zaɓen fidda gwani, da kuma na wa za ka yi. Sunan Conservative ba baƙo ba ne a idona. Tuƙin haya nake yi, na sha ganin sa a allunan 'yan takara a ƙofar gidaje a Throggs Neck da Staten Island da kudancin Brooklyn, kusan kullum a gefen sunan Republican. Fom ɗin ne ya nuna mini jam'iyya ce mai zaman kanta, da shugabanta da ofishinta da 'ya'yanta, kuma iyakarta jihar New York. Kana tsallaka gadar George Washington ka shiga New Jersey, ka bar ta a baya.

Na kai maganar masallacinmu bayan isha'i. Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da duk muke kira Baba, ya riga yawancinmu zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. Ko duban fom ɗin bai yi ba.

"Yaro, a Bronx kake. Ka sa Democrat ka je ka kwanta."

Wani matashi ɗan Maraɗi, wanda ya yi rantsuwa kafin ni, ya matso ya ce, "Baba, ku gafarce ni, amma ni Conservative na sa. Mutanen nan su ne ke maganar aure da iyali da tarbiyyar yara. Ba sa son zubar da ciki, ba sa son a riƙa sakin masu laifi. Me ya raba mu da su?"

Baba ya ce, "Ka tambayi su waye suka yi talla a talabijin a kan masallaci, sannan ka dawo mu yi magana."

Daga nan musu ya kaure, kowa na faɗin abin da ya ji a rediyon motarsa. Na ga ba a nan zan sami amsa ba. Sai na riƙa ratsewa ɗakin karatu na Kingsbridge Road in na ajiye mota, ina bin tsofaffin jaridu da sakamakon zaɓuka.

Asalin jam'iyyar fushi ne na cikin gida. A farkon shekarun 1960 jam'iyyar Republican ta New York na hannun gwamna Nelson Rockefeller da sanata Jacob Javits, mutanen da ba sa jin tsoron ƙara haraji da kashe kuɗin gwamnati a kan manyan ayyuka. Wasu lauyoyi biyu matasa, surukan juna, J. Daniel Mahoney da Kieran O'Doherty, suka ga cewa mai ra'ayin riƙau ba shi da inda zai kai ƙuri'arsa, tunda Republican ɗin ta koma kusan ƙanwar Democrat. A 1962 suka kafa tasu. Ba su ƙirƙiro dabarar ba, a wajen abokan hamayya suka gan ta. Tun 1944 akwai jam'iyyar Liberal, ƙarama ce amma tana juya manya, saboda dokar New York ta yarda jam'iyyu biyu ko fiye su tsayar da mutum ɗaya, sunansa ya fito a layin kowace, a ƙarshe a tara masa ƙuri'un duka. Yawancin jihohin Amurka sun hana wannan tun da daɗewa. A Najeriya kuwa ɗan takarar da ya yarda jam'iyyu biyu suka tsayar da shi ya rushe takararsa da hannunsa, sannan tsarin mulki bai ma yarda da jam'iyyar jiha ɗaya ba. Tun bayan zamanin NPC ta Sardauna da sauran jam'iyyun yanki na Jamhuriya ta Farko aka toshe wannan ƙofa, aka ce dole jam'iyya ta game ƙasa.

A zaɓen gwamna na 1962 suka tsayar da wani ɗan kasuwa daga Syracuse, David Jaquith. Ya sami ƙuri'a sama da 140,000, alhali 50,000 kawai doka ke nema a lokacin kafin jam'iyya ta mallaki layinta na dindindin. A 1965 marubuci William F. Buckley ya nemi kujerar magajin garin New York a tutarsu. Shi da kansa ya san ba ci zai yi ba. Da aka tambaye shi abin da zai fara yi in ya ci, sai ya ce zai nemi a sake ƙidaya. Duk da haka ya kwashi kashi 13 cikin 100. Shekara ɗaya bayan nan ɗan takararsu na gwamna, Paul Adams, ya haura rabin miliyan, ya shige gaban ɗan takarar Liberal, wanda ɗan tsohon shugaban ƙasa Franklin Roosevelt ne, da tazarar 'yan dubbai. A New York yawan ƙuri'un zaɓen gwamna ke jera jam'iyyu a takardar ƙuri'a: A, B, C, D. Wannan 'yar tazarar ce ta ba su layin C, wanda har yau shi ne abin da suke taƙama da shi. Sun taɓa rasa shi a 1998, suka dawo da shi a 2010.

Babbar nasarar da suka yi da ƙafarsu ita ce ta 1970. James Buckley, yayan William, ya ci kujerar sanatan tarayya a layin Conservative da kimanin kashi 39, saboda ƙuri'un ɗaya ɓangaren sun rabu tsakanin Richard Ottinger na Democrat da sanata mai ci Charles Goodell na Republican. Zango ɗaya ya yi, Daniel Patrick Moynihan ya kayar da shi a 1976. Da na ci gaba da bin lissafin sai na lura cewa wannan nasarar ba ita ce sana'arsu ba. Sana'arsu ita ce su ɗaga ɗan Republican ko su kayar da shi. A 1980 sun mara wa Alfonse D'Amato baya ya tumɓuke Javits, mutumin da aka kafa jam'iyyar don adawa da shi, bayan shekara 18 ana jira. A zaɓen gwamna na 1990 da Republican ta tsayar da wanda bai yi musu ba, Pierre Rinfret, suka fito da nasu, Herbert London, ya sami sama da ƙuri'a 800,000, saura ƙiris ya tura Republican matsayi na uku a jihar. Darasin ya shiga. A 1994 aka haɗu a kan George Pataki, layin C ya kawo masa kimanin 328,000, ya kayar da gwamna mai ci Mario Cuomo na Democrat da tazarar da ba ta kai 200,000 ba. Tun bayan 1974 babu ɗan Republican da ya ci kujerar da ake zaɓa a faɗin jihar ba tare da sunansa na layin C ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarancin shugabanninta. O'Doherty ya riƙe 'yan watanni a farko. Mahoney ya karɓa a 1962 ya zauna har 1986, lokacin da Ronald Reagan ya naɗa shi alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Serphin Maltese na Queens ya yi shekara biyu ya wuce majalisar dattawan jiha. Sai Michael Long, daga 1988 zuwa 2019, shekara 30 cur. Tsohon sojan kundumbala na ruwa ne, ɗan Brooklyn, ba lauya ba, ba farfesa ba. Shagon sayar da giya yake da shi a Bay Ridge, unguwar da yanzu Larabawa suka cika, inda mu kan je sayen dabino da azumi. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin karatu da na tuna ɗan Maraɗin nan da maganarsa ta tarbiyya. Amma dariyar ba ta rage wa mutumin komai ba: masu neman gwamna da sanata ƙafa da ƙafa suke zuwa neman yardarsa. Ya rasu a 2022, shekarar da na yi rantsuwa. Wanda ya gaje shi, Gerard Kassar, shi ma ɗan Brooklyn ne, ya daɗe yana aiki da 'yan majalisar jiha. Kusan a ce mutum uku ne suka riƙe ta fiye da shekara 60.

Ƙarfin waɗannan shugabanni daga wata doka ta 1947 ya fito, wadda ake kira Wilson-Pakula, da sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta. An yi ta ne don a taka wa 'yan ra'ayin gurguzu birki, irin su Vito Marcantonio na Harlem, da ke shiga zaɓen fidda gwanin jam'iyyun da ba nasu ba su cinye. Dokar ta ce wanda ba ɗan jam'iyya ba ne ba zai hau layinta ba sai da takardar izini daga shugabanninta, na jiha in kujerar ta jiha ce, na gunduma in ta gunduma ce. To, kusan duk masu hawa layin C 'yan Republican ne. Ka ga ke nan shugaban Conservative ya zama kamar waliyyin amarya: ba shi ke aure ba, amma ba a shafa fatiha sai ya ce ya bayar. Har ɗan Democrat su kan ba wa in ya yi musu, kamar Simcha Felder na Brooklyn, wanda ya taɓa fitowa a layi uku lokaci guda. Rudy Giuliani kuwa sau uku yana neman magajin gari ba su ba shi ba, da layin Liberal ya haɗa. Irin wannan takarda tana da tsada a siyasar New York. A 2013 an kama wani sanatan jiha ɗan Democrat, Malcolm Smith, bisa yunƙurin sayen irinta daga wasu shugabannin Republican don ya nemi magajin gari, kotu ta ɗaure shi shekara bakwai. Ni dai abin bai kwanta mini ba, a ce 'yan tsiraru a ɗaki su ke rabon layin da dubban ɗaruruwan mutane za su dangwala wa. Sai dai ban ga ta inda za a cire wannan iko a bar ƙananan jam'iyyun da rai ba.

Maganar Baba ta masallaci ma na same ta. A 2010 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan wata cibiyar Musulunci da aka so ginawa a titin Park Place, kusa da inda tagwayen benaye suka rushe a harin 2001. Jam'iyyar Conservative ta sa talla a talabijin tana adawa da ginin, ɗan takararta na gwamna, Rick Lazio, ya mai da batun abin yaƙin neman zaɓe. Ƙarshen takarar tasa abin dariya ne. Carl Paladino ya kayar da shi a zaɓen fidda gwanin Republican, aka bar shi riƙe da layin C kaɗai. A lokacin dokar jihar ba ta barin mutum ya janye haka kawai a wannan matakin, sai in ya mutu, ko ya bar jihar, ko an tsayar da shi wata kujerar. Sai aka tsayar da shi takarar alƙali a nan Bronx ɗinmu, inda kowa ya san ba zai ci ba, don kawai a sami damar ɗora Paladino a layin.

Ɗan Maraɗi ma yana da hujja. A 2011, da majalisar dattawan jiha ta zo ƙuri'a a kan auren jinsi, Michael Long ya yi shela cewa duk ɗan Republican da ya goyi baya ya yi ban kwana da layin C. Dokar ta wuce da 33 da 29, 'yan Republican huɗu suka goyi baya, ɗan Democrat ɗaya tak ya ƙi, wato fasto Rubén Díaz na Bronx. Long bai yi barazanar banza ba. Ɗaya cikin huɗun bai sake tsayawa ba, ɗaya ya faɗi a zaɓen fidda gwani, Stephen Saland na yankin Poughkeepsie ya sha kaye a 2012 bayan ɗan takarar Conservative ya yanke masa ƙuri'u, kujerar ta koma hannun Democrat. Na huɗun, Mark Grisanti na Buffalo, ya tsira sau ɗaya ya faɗi a 2014. Haka suka yi a 2009 a wata mazaɓar majalisar wakilai da ke can arewacin jihar: suka ƙi 'yar takarar Republican, Dede Scozzafava, suka tsayar da Doug Hoffman, ta janye ana saura kwanaki kaɗan ta mara wa ɗan Democrat baya, shi ya ci. Sun gwammace kujera ta tafi hannun abokin gaba da a ce nasu ya raina su ya kwana lafiya. Ko ka ƙi su, wannan kam sai ka sara musu.

Amma ba tarihin ne ya yanke mini hukunci ba, lissafin unguwa ne. A New York ɗan jam'iyya kaɗai ke zaɓen fidda gwaninta. A yawancin Bronx kuwa wanda ya ci fidda gwanin Democrat a watan Yuni ya gama, na Nuwamba cika sharaɗi ne. A 2018 Alexandria Ocasio-Cortez ta kayar da Joe Crowley, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyar a majalisar wakilai, a zaɓen da duka ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai 30,000 ba. A irin wannan zaɓen ƙuri'un masallatai biyu ko uku abin lissafi ne. In na sa Conservative, ranar da ake yanke wanda zai zama kansilana ko ɗan majalisata ina gida a zaune. Ga shi kuma a watan Nuwamba layin C a buɗe yake ga kowa, ba a tambayar katin jam'iyya. Shi ya sa 'ya'yan jam'iyyar masu rajista ba su kai 200,000 ba a faɗin jihar, amma ƙuri'un layinsu kan zarce haka nesa. Na ɗauki biro baƙi na yi wa akwatin farko alama, na sa hannu, na rubuta kwanan wata. Baba ya yi gaskiya, ko da yake dalilinsa da nawa ba ɗaya ba ne.

Ana iya aika fom ɗin ta gidan waya, amma na fi son in ga an karɓa, sai na kai shi ofishin hukumar zaɓe na Bronx da ke Grand Concourse. Wata mata ta duba, ta nuna mini inda ban sa lambar ɗakina a adireshi ba, na cika, ta buga masa hatimi. A wannan shekarar sai ka yi rajista kwana 25 kafin zaɓe. Daga 2023 an rage zuwa 10, kuma ba za a iya yin ƙasa da haka ba, don tsarin mulkin jihar ne ya ajiye goman. A 2021 an tambayi jama'a ko a cire wannan sharaɗi, mutum ya iya rajista ranar zaɓe, aka kuma tambaye su ko a bar kowa ya yi zaɓe ta gidan waya ba tare da uzuri ba. Jam'iyyar Conservative ce ta ja ragamar kamfen ɗin a ce a'a, ta zuba kuɗi a talla, duka biyun suka faɗi a jihar da 'yan Democrat suka ninka 'yan Republican. Wato tun kafin in san da ita, hannunta na cikin ƙa'idar fom ɗin da na cike. Bayan 'yan makonni kati ya iso ta akwatin wasiƙa, da sunana da jam'iyyata da rumfar da zan je.

Ban jira ranar 8 ga Nuwamba ba. Tun 2019 jihar ke buɗe rumfuna na kwana tara kafin ranar zaɓe, sai na je da hantsi wata ranar aiki, babu layi. Ba a nemi katin shaida ba. Na faɗi suna da adireshi, aka juyo mini da ƙaramar kwamfuta na sa hannu da ɗan sanda na roba, aka ba ni doguwar takarda a cikin kwali. Babu lema, babu tsintsiya, sunayen mutane ne, da ɗan ƙwai a gefen kowane da za ka cike da baƙin biro. A kujerar gwamna mutum biyu ne ke takara amma suna huɗu na gani: Kathy Hochul a layin A da layin D na Working Families, Lee Zeldin a layin B da layin C. A kujerar sanata ma na ga Chuck Schumer sau biyu, Joe Pinion sau biyu.

Wani mutum a gabana, da alama shi ma sabo ne, ya cike wa gwaninsa duka ƙwan biyu don ya tabbatar. Da ya zura takardar a na'ura sai ta tsaya ta fito da rubutu. Ma'aikaciyar ta yi masa bayani ba tare da ta leƙa takardarsa ba: ƙuri'arsa ba ta lalace ba, za a ƙirga wa ɗan takarar sau ɗaya, amma jam'iyyar da ke gaba a jeri ce za a rubuta wa. In yana son ƙaramar ta samu, sai ya karɓi sabuwar takarda ya cike guda. Wannan gargaɗin na na'ura ma yana da tarihi. A 2010 Conservative da Working Families, waɗanda ba abin da ya haɗa su a aƙida, suka haɗa kai suka kai hukumar zaɓen jiha kotu a kan irin waɗannan ƙuri'u, aka sasanta a kan a riƙa sanar da mai zaɓe. A 2019 ma sun sake samun kansu a ɓangare ɗaya, lokacin da suka ga ana shirin taɓa dokar haɗa layi a zamanin gwamna Andrew Cuomo. Dokar ta tsira, amma a 2020 aka ɗaga sharaɗin zama a takardar ƙuri'a daga 50,000 duk shekara huɗu zuwa 130,000 ko kashi 2 cikin 100, wanda ya fi yawa, duk shekara biyu. Jam'iyyun Green da Libertarian da Independence da SAM duk suka faɗo a zaɓen farko. Shi ya sa na ga sunaye huɗu kawai a fom ɗina. Da shekara uku baya na yi rantsuwa, takwas zan gani.

Wanda na zaɓa tsakanina da na'ura ne. Abin da zan iya faɗa shi ne na daɗe a tsaye a cikin ɗan shingen, don a kowace kujera tambaya biyu ce: wa kake so, kuma ta wane layi kake son ƙuri'arka ta isa gare shi. Wanda ya ci yana duba lissafin, ya san nawa suka zo ta ƙofar jam'iyyarsa, nawa ta ƙofar maƙwabta, ya kuma san wanda zai ɗauki wayarsa in ya kira. Na juya bayan takardar na amsa tambayar bashin dala biliyan 4.2 na gyaran muhalli, wanda Conservative ta ce a ƙi amma ya wuce. Na zura, na'ura ta haɗiye, aka manna mini 'yar sitika a riga. Hochul ta ci da kimanin kashi 53, tazara mafi ƙanƙanta a zaɓen gwamnan jihar tun 1994. Zeldin ya faɗi, amma layin C ya tara masa sama da 300,000, ya wuce abin da layin D ya tara wa Hochul. A shekara ta gaba Kristy Marmorato ta ci kujerar kansila a gabashin Bronx a layin B da C, a unguwannin nan da nake ganin allunan.

Ɗan Maraɗi bai canza rajistarsa ba. A watan Yuni na 2025, da aka zo fidda gwanin magajin gari tsakanin Zohran Mamdani da Andrew Cuomo, masallacinmu ya ɗauki zafi, har waɗanda ba su taɓa zaɓe ba suka fito. Shi ma ya je rumfa, aka duba aka ce masa sunansa na nan amma ba a rajistar Democrat ba, ba shi da takarda a wannan zaɓen. Mai son sauya jam'iyya sai fom ɗinsa ya isa hukumar zaɓe zuwa 14 ga Fabrairu. Wanda ya makara, ajiye masa za a yi sai bayan zaɓen Yuni. Da daddare Baba ya tare shi a bakin ƙofa.

"To, Malam mai tarbiyya, yaya rumfa?"

"Baba, sun ce ba ranarmu ba ce."

"Ga fom nan a wajen liman. Ka cike tun yanzu."

Ya karɓi fom ɗin da hannu biyu, ya yi godiya, amma ya ce shi yana nan inda yake. A Democrat, in ji shi, shi ɗaya ne cikin miliyoyi. A taron Conservative na gunduma kuwa ɗaki ɗaya ke ɗauke su, in ya ɗaga hannu ana ganin sa, kuma gara a ce akwai mai salla a ɗakin ranar da za a sake kawo maganar masallaci. Baba ya ce za a gani. Aka tayar da iƙama.